Ta girku amma ta ƙi tashi: fashin baƙi kan laburaren da manhaja ke aro

Bayan sallar isha'i ƙanena ya shigo mini da kwamfutarsa mai tsarin Linux a hammata, fuska a murtuke. "Yaya, abin nan ya ishe ni. Na kwance manhajar lafiya lau, babu ƙorafin komai, amma da na kira ta sai ta watso mini Turanci ta mutu." Wata manhajar rumbun bayanai ce da suke aikin aji da ita, ya kwafo ta daga filashin wani abokin karatunsa. Na ce ya sake kiranta in gani da idona. Layi ɗaya tak ya fito a baƙar tagar umarni:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Kwana biyu ya yi yana fama. Ya kalli bidiyo ya fi a ƙirga, duk umarnin da ya gani an buga sai ya kwafa ya buga. Na tambaye shi ko ya tsaya ya karanta layin nan. Ya ce, "Ai kuskure ne, Yaya, me za a karanta a ciki?"

To a nan gizo ke saƙar. Layin nan ya faɗi sunan abin da ya ɓace, ya faɗi zamaninsa, har ya nuna wanda ke cigiyar. Cututtuka kusan huɗu ne ke zuwa da alama iri ɗaya, wato "babu laburare kaza", kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗaya. Wanda bai tantance wacce ta kama shi ba, sai ya yi ta gyaran gangar Auzinawa har kwamfutar ta daina kunnuwa.

Me ake arowa, kuma daga wa?

Babu mai rubuta manhaja da ke ƙera komai da kansa. In manhajarka za ta aika bayani a ɓoye ta intanet, ba za ka zauna ka rubuta lissafin ɓoye sirri ba, akwai waɗanda suka gama wannan aikin tuntuni suka ajiye shi da sunan OpenSSL. In za ta zana tagogi da maɓallai, ga GTK ga Qt. In za ta buɗe hoto, ga libpng. Irin wannan ajiyayyen aiki da wata manhaja ke kira in ta buƙata shi ne laburare.

Hanya biyu ake amfani da shi. Ko dai a ɗinke laburaren a cikin jikin manhajar tun wajen haɗa ta, ta tafi da kayanta duk inda za ta, ko kuma a bar shi a waje, a rubuta sunansa kawai a cikinta, in ta tashi aiki ta aro. Ta biyun ce ta fi yawa a Linux. Ka ɗauke shi kamar turmi a gidan haya: ɗaya ne a tsakar gida, kowace mai ɗaki ta san inda yake. Ba a cika gida da turame goma ba, kuma in ya tsage gyara ɗaya ya wadatar da kowa.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a watan Afrilun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, daga siga ta 1.0.1 zuwa 1.0.1f. Duk manhajar da ke aron laburaren daga tsakar gida, sabunta fayil ɗaya da sake kunna ta ya ishe ta. Waɗanda suka ɗinke shi a jikinsu kuwa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sake haɗa su. Saboda haka duk sanda ka ji haushin saƙon "babu laburare", ka tuna kuɗin wannan sauƙin ne kake biya. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara: ranar da turmin ya bar tsakar gida, ko aka sauya shi da wani, mai aro ce ke kwana da yunwa.

Mai kai saƙon aron wata ƙaramar manhaja ce da ake kira ld.so. Da zarar ka kira manhaja, ita ce ke fara tashi, ta karanta jerin sunayen da aka rubuta a cikinta, ta shiga nema. Takan duba wuraren da aka saka a LD_LIBRARY_PATH in an saka, da wurin da mai haɗa manhajar ya rubuta mata a ciki, da rajistar da ke /etc/ld.so.cache, sannan manyan ma'ajiyoyi irin su /usr/lib. In ta rasa ko da suna ɗaya, ba ta bari manhajar ta fara komai. Saƙon da ƙanena ya gani daga bakinta ya fito, manhajarsa ko numfashi ba ta kai ga yi ba.

Yanzu dubi sunan da kyau: libssl.so.1.1. Gaɓar farko sunan laburaren ce. Ta tsakiya, so, tana nufin na aro ne. Lambar ƙarshe kuwa ita ce zamaninsa, kuma ita mutane suka fi rainawa alhali ita ce kan magana. Masu laburare ba sa sauya wannan lambar don ado. Suna sauya ta ne in sun canza yadda ake magana da shi, ta yadda tsohuwar manhaja ba za ta ƙara fahimtarsa ba. Wato libssl.so.1.1 da libssl.so.3 'yan gida ɗaya ne, amma ba harshe ɗaya suke ji ba.

Ta farko, mai sauƙi: yana rumbu, ba a ɗauko ba

Kafin komai, tambayi manhajar abin da ta rasa gaba ɗaya, kada ka riƙa tsintar su ɗaya-ɗaya. Umarnin ldd, in ka bi shi da sunan fayil ɗinta, zai jero duk abin da take aro da inda aka same shi, wanda babu kuma ya rubuta not found a gabansa. Gargaɗi ɗaya: kada ka yi wa fayil ɗin da ba ka yarda da tushensa ba ldd, domin a wasu yanayi yana iya tayar da shi. Ga irin wannan, objdump -p ya fi aminci, sai ka duba layukan da aka rubuta NEEDED.

Sunan fayil daban, sunan ƙunshin da ke ɗauke da shi daban, kuma wannan na rikita sabon shiga. Ba za ka ce wa apt, mai ɗauko ƙunsoshin manhaja daga rumbunsu na intanet, ya girka maka libxcb-cursor.so.0 ba, bai san wannan sunan ba, libxcb-cursor0 ya sani. Mai yi maka tafinta tsakanin sunayen biyu shi ne apt-file. Ka girka shi, ka sabunta jerinsa, sannan ka buga apt-file search da sunan fayil ɗin, zai faɗa maka ƙunshin. A Fedora, wani nau'in Linux daban, dnf provides ke wannan aikin. Misalin da na kawo ma ba na ƙirƙira ba ne: tun daga Qt 6.5 manhajojin da aka gina da shi suna buƙatar libxcb-cursor0, kuma in babu sai su yi ta kukan sun kasa loda xcb, wanda bai sani ba ya ɗauka allon kwamfutarsa ne ya lalace. Ƙaramin ƙunshi ɗaya ne maganin.

Da yawa daga masu faɗawa wannan ramin da hannunsu suka haƙa shi, ta hanyar dpkg -i. Shi dpkg lebura ne, abin da ka miƙa masa shi zai sauke, ba ya zuwa rumbu ɗauko abokan tafiya. In ya ga da saura sai ya ajiye aikin rabi, ya ce akwai matsalar dogaro. Shi kuwa apt shi ne magatakarda mai riƙe da littafi, ya san wa ke buƙatar wa. Don haka in ka sauke fayil mai ƙarewa da .deb, ka ce sudo apt install ./ sannan sunan fayil ɗin. Ɗigon nan da sandar da ke biye da shi su ke gaya masa cewa fayil ne a nan inda kake, ba suna ne a rumbu ba. In kuma ka riga ka yi dpkg -i aikin ya tsaya, sudo apt --fix-broken install zai ƙarasa. Amma ka karanta abin da ya ce zai yi kafin ka amsa masa. In ya rasa abin da ake nema a rumbu, gyaran da zai yi shi ne ya cire manhajar taka, a wurinsa littafi ya daidaita ke nan.

Ta biyu, mai wuya: zamani ya wuce shi

Na buga apt-file search a kwamfutar ƙanena, shiru, ko layi ɗaya bai dawo ba. Na buga cat /etc/os-release don ganin nau'in Linux ɗin da ke kanta da sigarsa, sai ga Ubuntu 22.04. Nan take na gane inda aka kwana.

OpenSSL 3.0 ya fito a watan Satumban 2021. Da Ubuntu 22.04 ta fito a Afrilun 2022, da shi ta zo, aka bar 1.1.1 a baya tare da Ubuntu 20.04. Duk manhajar da aka haɗa a kan tsohon zamani, in ka kawo ta sabon gida, za ta yi ta kiran libssl.so.1.1 babu mai amsawa. A shekarar masu amfani da RStudio da MongoDB da dama sun ci karo da wannan kafin a fitar da sigogin da suka dace da sabuwar Ubuntu. Fayil ɗin da ke filashin abokin ƙanena na 20.04 ne, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, babu wanda ya lura da lambar da ke jikin sunansa.

A nan ne ake samun magunguna uku na gefen titi, kuma zan faɗi gaskiya, na farkon ni ma na taɓa sha. Shekarun baya na ga ana cewa ai sai ka yi wa sabon laburaren laƙabi da sunan tsohon, da umarnin ln -s, manhajar ta ɗauka shi ne. Na yi, ina jin kaina gwani. Da libssl abin ba ya ma tafiya, domin an yi wa ayyukan cikinsa hatimin zamani, sai saƙon ya sauya zuwa cewa ba a sami OPENSSL_1_1_0 ba. Wannan ma da sauƙi, tunda ya faɗa maka gaskiya da wuri. Wanda ya fi muni shi ne laburaren da zai karɓi laƙabin, manhajar ta tashi kamar lafiya, sai kana tsakiyar aiki ta faɗi ba sallama, ko ta ba ka sakamakon da ba daidai ba. Ga kuma laƙabin yana nan kwance a /usr/lib, apt bai san da zamansa ba, bayan wata shida kai ma ka manta. Na san akwai masu yin haka da libtinfo.so.5 su ce ya yi musu aiki. Sa'a ce suka taka, ba ilimi ba.

Na biyu shi ne a ɗauko tsohon ƙunshin libssl1.1 daga rumbun 20.04 a girka da hannu. Wannan yana aiki, kuma ba ya ture sabon, tunda sunayensu sun bambanta suna iya zama gida ɗaya. Illarsa ita ce ka ajiye mai gadin da aka sallama daga aiki. Masu OpenSSL sun daina kula da 1.1.1 kyauta tun ranar 11 ga Satumban 2023, kuma ƙunshin da ka girka da hannu babu mai aiko masa da gyara. In laburaren zana haruffa a baƙar taga ne, irin libncurses5 da tsofaffin kayan aikin ƙananan allunan lantarki ke nema kuma aka cire shi daga Ubuntu 24.04, zan iya kau da kai. Amma laburaren da ke tsare kalmar sirrinka a intanet, ban ba ka shawara ba sai in aikin na kwana biyu ne a kwamfutar da ba ta ɗauke da komai.

Na uku shi ne mafi haɗari: a ƙara rumbun wata sigar Ubuntu ko Debian, Linux ɗin da aka gina Ubuntu a kansa, a cikin jerin rumbunan kwamfutarka. Ranar farko komai zai yi daidai. Ranar da ka ce a sabunta komai, apt zai ga kaya iri biyu ya shiga gauraya su, wannan ya ja wancan, wancan ya ture wannan. Mutanen Debian har suna suka raɗa wa irin wannan kwamfutar, FrankenDebian, wato dodon da aka harhaɗa da sassan jiki daban-daban. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Maganin gaskiya ba shi da armashi: koma inda aka samo manhajar ka ɗauko sigar da aka haɗa don tsarinka. Mafi yawan masu manhaja suna jera fayiloli daban-daban, na 20.04, na 22.04, na 24.04, wani lokaci da sunayen laƙabi, focal da jammy da noble. In babu, sai a nemi wadda ta zo da kayanta a jaka, wato Flatpak ko Snap, ko a gina mata ɗaki na tsohon zamani a cikin Docker ta zauna ita kaɗai ba ta taɓa sauran gida ba. Suna cin wuri kuma suna cin data, wannan gaskiya ne, amma ba sa rushe maka gini.

Akwai kuma juyin wannan matsalar, inda manhajar ce sabuwa, gidan ne tsoho. Alamarta saƙo ne mai cewa ba a sami GLIBC_2.34 ba, ko wata lamba makamanciyarta. Shi glibc shi ne ginshiƙin da kusan kowace manhaja a Linux ke jingine da shi. Ubuntu 20.04 tana da 2.31, 22.04 tana da 2.35, 24.04 tana da 2.39. Tsohuwar manhaja tana tafiya a kan sabon glibc, amma sabuwa ba ta tafiya a kan tsoho. Kada wani ya ruɗe ka ka ce za ka sauya shi da hannu. In ka kuskure, hatta ls da sudo za su daina aiki, ka rasa ko abin da za ka gyara ɓarnar da shi. Ko ka ɗaga tsarin gaba ɗaya, ko ka nemi tsohuwar sigar manhajar.

Wani abin da ya ɗaure wa mutane kai a Ubuntu 24.04 shi ne ganin sunaye sun tsiro da wutsiya: libasound2 ya koma libasound2t64, libssl3 ya koma libssl3t64. Dalilin yana da ban sha'awa. Tsarin Unix yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma a injuna masu bit 32 ma'ajin ƙirgar zai cika a 2,147,483,647, wanda ya faɗo ranar 19 ga Janairun 2038. Don kauce wa wannan ne Debian ta faɗaɗa ma'ajin zuwa bit 64, aka sauya wa ɗimbin ƙunsoshi suna. In tsohon umarnin da ka kwafo ya ce babu ƙunshi kaza, gwada ƙara masa t64 kafin ka tayar da hankalinka.

Ta uku: laburaren yana nan, takardunsa ne babu

Wannan ta masu rubuta manhaja ce zalla, kuma ita ta fi sa mutum ya yi zaton kwamfuta ta haukace. Ka duba ka ga libcurl yana nan daram, amma kana girka wani ƙari na harshen rubuta manhaja irin R ko Python sai a ce maka babu shi. Abin da ke faruwa shi ne ƙarin ba a haɗe ya zo ba, ɗanyen rubutu ne, a kwamfutarka za a dafa shi. Shi kuma kwamfaila, mai dafa ɗanyen rubutun ya zama manhaja, ba laburaren kaɗai yake so ba, yana son takardun da ke bayyana sunayen ayyukan cikinsa da yadda ake kiransu, fayilolin da ke ƙarewa da .h. Debian da Ubuntu sun ware waɗannan a ƙunshi daban mai ƙarewa da -dev, Fedora kuma -devel, tunda mai kallon bidiyo da rubuta wasiƙa ba ya buƙatarsu.

Da ka san wannan, saƙonnin sai su zama kamar karatun allo. In an ce babu Python.h, python3-dev ake nufi. In psycopg2 ya ce bai ga pg_config ba, libpq-dev ne. In tidyverse na R ya tsaya a hanya, yawanci libcurl4-openssl-dev da libssl-dev da libxml2-dev ne, sai su libfontconfig1-dev da libharfbuzz-dev da libfribidi-dev na harkar haruffa. In gcc, wato kwamfailan kansa, ma babu, build-essential. Dabarar ita ce kada ka karanta layin ƙarshe na dogon saƙon, shi kullum cewa yake an kasa, ba ya faɗin dalili. Gungura sama ka nemi kuskuren farko. Ƙarin R da yawa ma sukan rubuta maka sunan ƙunshin ƙarara a can sama, na Debian daban na Fedora daban, mutane ne ba sa hawa su gani.

Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 kuma, in ka ce pip, mai girka ƙarin Python, ya girka abu kai tsaye sai ya ƙi, ya ce externally-managed-environment. Ba lalacewa ba ce, katanga ce aka gina da gangan, don pip da apt sun daɗe suna taka ƙafar juna a ma'aji ɗaya. Ka buɗe wa aikinka keɓaɓɓen wuri da python3 -m venv ka yi duk abin da kake so a ciki. Akwai hanyar tsallake katangar, amma sunanta kaɗai ya isa wa'azi: --break-system-packages.

Ta huɗu: ga fayil a gabanka, an ce babu shi

Ka buga ls ka gan shi, ka kira shi, a ce maka No such file or directory. Ba aljanu ba ne. Buga file da sunansa, za ka ga an rubuta 32-bit, alhali kwamfutarka mai bit 64 ce. Abin da aka rasa ba fayil ɗinka ba ne, ɗan aiken nan ld.so na bit 32 ne babu, saƙon ne bai iya bayani ba. Sai ka buga sudo dpkg --add-architecture i386, ka sabunta jeri, ka girka libc6:i386 da duk wanda ldd ya nuna, kowanne da :i386 a wutsiya. Tsofaffin kayan aikin Android da na ƙananan alluna sun daɗe suna jawo wannan.

Kusa da ita akwai ta AppImage, irin fayil ɗin da Arduino IDE 2 ke zuwa a ciki. Shi ya zo da kayansa, amma da yawansu suna buƙatar libfuse2 kafin su buɗe jakar, kuma daga 22.04 ba a zuwa da shi a girke. A kula sosai a nan: libfuse2 za ka girka, ko libfuse2t64 a 24.04, ba ƙunshin da ake kira fuse kawai ba. Wancan yana ture fuse3, shi kuma in zai fita yana jan wasu kayan teburin kwamfutar su fita tare. Garin neman gira a rasa ido. Duk sanda apt ya jero abubuwan da zai cire, kai kuwa girkawa ka ce a yi, dakata ka karanta.

Masu Windows ma ba su tsira ba

Can sunan laburaren aro DLL ne, kuma saƙon da aka fi gani shi ne babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll. Maganin shi ne Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft kansa, guda ɗaya ya ɗauke na 2015 har zuwa 2022. A girka na x64 da na x86 duka, domin manhaja mai bit 32 na x86 take nema ko da kwamfutar mai 64 ce. Shafukan nan da ke raba DLL ɗaya-ɗaya a guje su, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma in ka ɗauko na bit ɗin da bai dace ba sai ka koma ganin 0xc000007b. Abin dariya ma, a Windows mai bit 64, ma'ajin System32 shi ke ɗauke da na 64, SysWOW64 kuma na 32, don haka mai jefa fayil da hannu bisa ga suna kusan kullum a ramin da ba shi ba yake jefawa.

In kuwa pip ne ya ce ana buƙatar Microsoft Visual C++ 14.0 ko sama, ba Redistributable yake nufi ba, kayan haɗawa yake so, wato Build Tools. Cuta ta uku ce ta sa rigar Windows. Ɗalibin da ya rubuta shirinsa na C++ da Code::Blocks ya kai wa malami a filashi ya ƙi tashi don babu libstdc++-6.dll, sai ya ƙara -static-libgcc da -static-libstdc++ wajen haɗawa, a ɗinke masa turmin a jiki. Masu tsofaffin kwamfutoci na hannu da har yanzu ke kan Windows 7 kuma su sani, Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a kanta, babu DLL ɗin da za a sauke ya sa 3.9 ya tashi ta hanyar da aka amince da ita.

In data ta yi tsada, wuta kuma ba tabbas

Yawancin bayanan da ake rubutawa kan wannan harka suna ɗauka kana da intanet mai gudu kamar famfo. Mu da ke auna megabait kamar man girki, akwai dabarun da suka fi mana amfani. In kuna da yawa masu sigar Ubuntu iri ɗaya, mutum ɗaya ya buga sudo apt-get install -d da sunan abin da ake so, zai sauke ƙunsoshin ba tare da girkawa ba, ya tara su a /var/cache/apt/archives. A kwashe a filashi a zaga da su. A lura, apt-get yana barin fayilolin bayan ya gama, shi kuwa apt share su yake yi. Sharaɗin dai siga ta zama ɗaya, in ba haka ba an koma gidan jiya, irin na filashin abokin ƙanena.

In wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar girkawa, da ka kunna ka fara da sudo dpkg --configure -a, sannan apt --fix-broken install. In kuma an ce an kasa samun makullin lock-frontend, yawanci mai sabuntawa ne ke aiki a bayan fage. Ka ba shi mintuna, kada ka goge makullin yana tsakiyar rubutu. Wanda kuma apt ɗinsa ke ta dawo da 404, wato ba a samu ba, a kan komai, ya duba ko sigarsa ta mutu: Ubuntu da ba LTS ba, wato wadda ba ta dogon zango ba, wata tara kawai ake kula da ita, daga nan a kwashe rumbunta a mayar old-releases.ubuntu.com.

Shi dai ƙanena, da na bi tarihin umarnin da ya buga cikin kwana biyun nan, na tarar ya yi laƙabin ln -s har guda biyu, ya kuma ƙara rumbun focal a jerinsa. Allah ya taimake shi bai ce a sabunta komai ba. Muka goge laƙuban, muka cire layin rumbun, muka buga apt update. Na kunna masa intanet daga wayata, ya shiga shafin masu manhajar, sai ga fayiloli a jere kowanne da lambarsa. Ya kai hannu zai danna na farko, na riƙe masa hannu na ce ya karanta. Ya sauko layi na biyu inda aka rubuta 22.04, ya sauke, ya kwance, ya buga ldd da kansa, babu not found ko ɗaya. Ya ce, "Yaya, bari in karɓo filashin nan gobe in sauya musu fayil ɗin, mu shida ne muka kwafa daga ciki."